Jos da Masu Aiki Daga Nesa: Jawo Baƙo Daban, Riƙe Shi Daban

Tun daga shekarar 2020 gwamnatoci da dama a duniya suka shiga gasar neman wani sabon nau'in baƙo, wato mutumin da albashinsa ke fitowa daga kamfanin wata ƙasa, kayan aikinsa kuma ba su wuce kwamfuta da intanet ba, saboda haka duk inda ya shimfiɗa tabarmarsa nan ne ofishinsa. Barbados ta buɗe ƙofa a tsakiyar wannan shekara da izinin zama na wata 12, wanda mutum ɗaya ke biyan dala 2,000 ya samu, mai iyali kuma dala 3,000. Estoniya ta biyo baya a watan Agusta, Morishas a watan Oktoba, Kuroshiya a farkon 2021, Fotugal da Namibiya a Oktoban 2022, sannan Afirka ta Kudu da Kenya suka shiga sahu a 2024. Ba abin mamaki ba ne da zancen ya iso Jos, domin duk wanda ya san sanyin garin da arahar kayan lambunsa zai iya tambayar kansa abin da ya hana Najeriya fitar da irin wannan biza, ta kuma nuna wa masu ita hanyar Filato.

Wannan nazari ya ɗauki Jos a matsayin misali domin a gwada tambayar a kan gari guda, da tarihinsa da matsalolinsa, maimakon a yi ta shawagi da ita a sama. Abu na farko da ya kamata a warware shi ne cewa masu wannan zance sukan cakuɗa al'amura biyu. Sa mutum ya zo abu ne da talla da sauƙin biza ke iya yi. Sa shi ya zauna, ya kawo iyali, ya sayi fili, ya sa 'ya'yansa a makaranta, ya kuma fara biyan haraji, wannan ba ya cikin ikon ofishin shige da fice.

Idan aka karanta sharuɗɗan yawancin bizojin nan za a ga cewa tun asali ba don zaman dindindin aka tsara su ba. Ta Estoniya shekara guda ce, kuma ba ta kai mai ita ga zama ɗan ƙasa. Ta Namibiya wata shida ce. Kuroshiya ta fara da izinin da bai wuce shekara ba, kuma idan ya ƙare sai mutum ya jira wata shida kafin ya sake nema. Barbados da Kuroshiya duk sun yafe wa waɗannan baƙi harajin kuɗin shigar da ke zuwa musu daga waje, wanda ke nufin ribar ƙasar ta tsaya ga abin da suka kashe wajen haya da abinci da sufuri. A taƙaice tsarin ci-rani ne: mutum ya zo da guzurinsa, ya yi wa gari ciniki na ɗan lokaci, idan damina ta kira shi ya tattara ya tafi, babu wanda ya sa ran zai dasa itace a ƙofar gidan da ya kama. Ga tsibirin da otal-otal ɗinsa suka wayi gari babu kowa saboda annobar korona, wannan ma riba ce, amma ba ita ce amsar tambayar da muke yi ba.

Fotugal ce ta fi kowa matsawa kusa da zaman dindindin, domin bizarta tana iya zama izinin zama na shekara biyu da ake sabuntawa, sharaɗin kuwa shi ne kuɗin shigar mutum ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar sau huɗu, wato kimanin yuro 2,820 a wata lokacin da aka fara. A tsibirin Madeira har ƙauye guda, Ponta do Sol, aka ware wa irin waɗannan ma'aikata a Fabrairun 2021. Mutane sun zo, kuma da yawa. Sai dai kuɗin haya a Lisbon ya yi tashin da ɗan gari mai albashin gida ya kasa bi, aka yi ta zanga-zanga kan matsalar gidaje, kuma a Oktoban 2023 Firaminista António Costa ya sanar da kawo ƙarshen rangwamen harajin da aka daɗe ana yi wa baƙi mazauna ƙasar. Ba masu aiki daga nesa kaɗai suka jawo tsadar ba, akwai masu yawon buɗe ido da masu zuba jari a gidaje, amma su ne fuskar da talaka ke gani a unguwarsa. Irin wannan fushi ya sake bayyana a birnin Meziko a Yulin 2025.

Misalin da ya fi kama da halin Jos bai shafi biza ba sam. A 2018 wata gidauniya mai zaman kanta a birnin Tulsa na jihar Oklahoma ta Amurka ta fara bai wa duk wanda ta zaɓa cikin Amurkawa masu aiki daga nesa dala 10,000 idan ya yarda ya koma birnin ya zauna shekara guda. Sama da mutum 3,000 sun koma ta wannan hanya, kuma masu shirin suna bayar da rahoton cewa mafi yawansu sun ci gaba da zama bayan shekarar ta cika. Abin lura a nan shi ne waɗanda aka nema 'yan ƙasa ne da tsadar manyan birane ta kora, kuma bayan kuɗin an ba su wurin aiki na haɗin gwiwa, an haɗa su da mutanen gari da juna, ta yadda kafin shekara ta zagayo mutum ya yi abokai, wani ya sayi gida, wani ya yi aure. Kuɗin ya kawo su, amma abin da ya hana su tafiya shi ne sun sami abin da za su yi asara idan suka tafi.

Jos kuwa ba sabuwa ba ce a wannan fage, domin garin da muka sani a yau baƙin da aiki ya kawo ne suka cika shi. Daga farkon ƙarni na 20, da kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza gadan-gadan a tsaunukan Filato, mutane suka yi ta kwararowa: leburori da 'yan kasuwa daga ƙasar Hausa da Barno, akawuna da masu sana'ar hannu daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo da Urhobo, injiniyoyi daga Ingila, 'yan kasuwa daga Labanon. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya taso daga gabas kuma a 1927. Ba kowa ya zo da son ransa ba, domin a shekarun yaƙin duniya na biyu gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban mutane aikin kuza, da yawa kuma suka mutu da sanyi da yunwa da cuta. Haka nan Birom da Afizere da Anaguta, waɗanda gonakinsu aka haƙe, su suka gaji ramuka da tafkunan da har yau suke nan.

Abin da ya dace mu tambaya shi ne me ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka zo da ƙafarsu ba su koma ba. Amsar tana cikin abubuwan da aka gina kewaye da aikin. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, yana samar da lantarki daga ruwan Kurra tun lokacin da yawancin biranen ƙasar nan ke kwana da fitilar kwai. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta zauna a wurin tun 1924. Mishan sun buɗe makarantar Hillcrest a 1942, wadda ta sa iyaye baƙi suka daina aika 'ya'yansu ƙasashensu tun suna ƙanana. An buɗe gidan tarihi a 1952, reshen Jami'ar Ibadan da aka kafa a 1971 ya zama Jami'ar Jos a 1975, cibiyar nazarin manufofi ta Kuru ta zo a 1979. Shi ya sa ko da kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a 1985 garin bai watse ba. Wuta da makaranta da asibiti da kasuwa sun riga sun mayar da sansanin ma'aikata gari, kuma jikokin leburorin farko ba su san wani gida ba sai shi.

Abin da Jos ke da shi a yau ba kaɗan ba ne. Garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, saboda haka mutum na iya yin aiki yini guda ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, wanda a Kano ko Abuja a watan Afrilu azaba ne, kuma wannan yana rage nauyin wutar da gida ke buƙata ƙwarai. Dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, kabeji da karas da tumatir a kasuwar Farin Gada, har da istiroberi daga yankin Vom, duk suna zuwa kai tsaye daga gona. Agogon Najeriya daidai yake da na Jamus da Faransa a lokacin hunturunsu, daidai kuma da na Landan a lokacin bazararsu, don haka wanda ke yi wa kamfanin Turai aiki ba ya buƙatar raba dare a gaban kwamfuta. Akwai jami'a mai yaye ɗalibai, akwai cibiyoyin fasaha irin su nHub da suka horar da matasa rubuta manhaja, akwai kuma daɗaɗɗiyar al'adar fim da waƙa wadda kasancewar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a garin ta taimaka wa.

Duk da haka, a ganina, sa ran Bature ko Ba'amurke ya tattaro ya zauna a unguwar Rayfield ta Jos saboda sabuwar biza ɓata lokaci ne a halin yanzu. Najeriya ta sauƙaƙa neman bizar ɗan gajeren zama ta intanet daga Mayun 2025, amma matsalar ba a nan take ba. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta sanya Filato cikin jihohin da take shawartar 'yan ƙasarta kada su je sai da larura, kuma irin wannan sanarwa ba ra'ayi ba ce kawai, domin kamfanonin inshora sukan janye kariyarsu daga wanda ya saɓa mata, kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata kuma sukan hana su aiki daga irin waɗannan wurare. Mutumin da ke da zaɓi tsakanin Lisbon da Kef Tawun da Nairobi ba zai bar inshorar lafiyarsa don sanyin Jos ba.

Waɗanda za a iya samu 'yan gida ne, kuma ba sa buƙatar biza. Akwai matashin da ya tashi a Unguwar Rogo ko Tudun Wada ko Bukuru, ya koyi rubuta manhaja ko zanen kwamfuta ko fassara, ya sami aiki da kamfanin waje, yanzu kuma yana shawarar ko ya zauna ko ya koma Legas. Akwai ma'aikacin da ke Legas ko Abuja wanda kamfaninsa ya sake shi ya yi aiki daga gida, haya da cunkoson hanya kuma sun ishe shi. Akwai kuma ɗan Najeriya mazaunin Ingila ko Kanada da ke son 'ya'yansa su tashi kusa da kakanninsu, wanda tsarin mulki ya ba shi damar riƙe fasfo biyu muddin ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Na farkon shi ne mafi sauƙin riƙewa kuma shi aka fi mantawa da shi a tarukan da ake yi kan wannan batu, wataƙila saboda hana mutum tafiya ba ya samar da hoton yanke ƙyallen buɗe sabon aiki.

Lissafin kuɗin yana da ƙarfi. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 kuwa ta haura 1,500. Wanda ake biya da dala ko fam ya wayi gari albashinsa ya ninka a aljihun gida, alhali malamin makaranta da ke maƙwabtaka da shi yana kallon nasa yana narkewa. Kuɗin da irin wannan ma'aikaci ke kashewa a gari sabon kuɗi ne da ya shigo daga waje, ba tare da ya karɓe gurbin aikin kowa ba, kuma yana bi ta hannun magini da tela da mai keke-napep da mai sayar da nama. Ga kuma haraji: sabuwar dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki daga Janairun 2026, ta fayyace cewa mazaunin Najeriya zai biya haraji kan abin da ya samu daga ko'ina a duniya, naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta, mafi girman kaso kuma 25 cikin 100 ne. Tunda harajin kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane na jihar da mutum yake zaune ne, duk ma'aikaci guda da ya zaɓi Jos a kan Abuja ƙari ne kai tsaye a asusun Filato. Wannan ya bambanta da tsarin Barbados, kuma yana nufin jihar tana da dalilin da zai sa ta damu da zaman mutum, ba zuwansa kaɗai ba.

Cikas na farko shi ne wuta. Mai aiki daga nesa yana sayar da abu biyu ne, gwanintarsa da kuma tabbacin cewa za a same shi a lokacin da aka yi alkawari, kuma kamfanin da ke birnin Balin na Jamus ba ya karɓar uzurin cewa an ɗauke wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin lantarki ga rukunin da ake kira Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane ma'auni, bisa alkawarin awa 20 a rana, amma alkawarin yana rataye ne a kan babban layin ƙasa, wanda ya sha faɗuwa a wannan shekarar. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Saboda haka duk wanda ya ɗauki aikinsa da muhimmanci sai ya sayi sola da batir da inbata, wani ma ya ajiye janareta a gefe duk da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Ana iya rayuwa da wannan, kuma da yawa suna yi, amma jari ne da mutum ke zubawa kafin ya ga kwabo, kuma a gidan haya yakan yi shakkar zuba shi. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma jihar da ta gaji tashoshin samar da lantarki daga ruwa na kusan shekara ɗari tana da abin da za ta fara da shi wanda maƙwabtanta ba su da.

Intanet ta fi wuta sauƙin magancewa. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma ta cire wa mai hali dogaro da layin faiba, wanda kamfanoni kan fara shimfiɗawa a unguwannin masu kuɗi. Sai dai akwai tsoro iri biyu da ba a manta ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka tsinke a gaɓar yammacin Afirka, intanet da harkar banki suka rikice na kwanaki. Wannan tsautsayi ne. Na biyun kuwa na gwamnati ne da kanta: an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021 da sunan tsaro. Mutumin da abincinsa ke kan intanet, idan zai zaɓi jihar da ke fama da rikici, dole ya tambayi kansa ko wata rana za a kashe masa sadarwa da sanarwa guda.

Akwai kuma wata matsala da ba ta cikin kasafin kuɗi, ita ce zato. Saurayin da ba ya fita da safe, yana da kwamfuta mai tsada, kuma ana ganin yana kashe kuɗi, a idon mutane da yawa ɗan Yahoo ne har sai ya wanke kansa. Masu gidaje sukan ƙi ba shi haya, a shingen bincike a nemi ya buɗe wayarsa, a wajen neman aure kuma waliyyan yarinya su rasa sunan da za su kira sana'arsa. Irin wannan cin zarafin matasa masu kwamfuta yana cikin abubuwan da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Damfara ta intanet gaskiya ce, kuma ba laifi ba ne al'umma ta yi hattara, amma garin da ke son riƙe waɗannan ma'aikata yana buƙatar hanyar da mai aikin halal zai nuna shaida sau ɗaya a huta da shi. Katin biyan haraji na jiha, idan jami'an tsaro da masu gidaje suka san shi suka kuma girmama shi, zai iya yin wannan aiki, kuma zai ba mutum dalilin biyan harajin da kansa.

Tsaro shi ne abin da kowa ke fara ambata idan an ce Jos, kuma ba a raina shi. Rikicin Satumban 2001, ƙonewar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, dokar ta-ɓaci ta 2004, rikicin Nuwamban 2008, na Janairu da Maris 2010, kisan matafiya a hanyar Rukuba a Agustan 2021, da hare-haren jajibirin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barikin Ladi, duk sun bar gawawwaki da marayu a kowane ɓangare. Wani zai ce dokar hana fita ba ta taɓa mai aiki daga ɗakinsa kamar yadda take taɓa ɗan kasuwa, kuma haka ne. Amma matarsa tana zuwa kasuwa, 'ya'yansa suna zuwa makaranta, kuma shawarar zama ta iyali ce gaba ɗaya. Abin da rikicin ya bari wanda ya fi shafar wannan nazari shi ne rabuwar unguwanni bisa addini, ta yadda wanda ya zo neman haya, kafin dillali ya tambaye shi ɗaki nawa yake so, sai ya auna sunansa ya san ɓangaren da zai kai shi. Mutum yana zaɓen gari ne gaba ɗayansa, amma a Jos rabi ake ba shi, 'yan unguwannin da suka rage a cakuɗe kuma hayarsu ta fi tsada saboda wannan dalili.

Ƙarƙashin wannan duka akwai tambayar da garin bai amsa ba tun zamanin kuza, wato wane ne ɗan gari. A Najeriya takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ita ce mabuɗin gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati da shiga soja ko ɗan sanda, kuma ana bayar da ita ne bisa asalin kakanni, ba bisa wurin haihuwa ko tsawon zama ko biyan haraji ba. Wannan tsari yana ko'ina a ƙasar, Kano da Sakkwato ma haka suke yi wa wanda kakansa ya zo daga Filato, amma a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙira a 1991, ya zama jijiyar rikici. Hausawa da Fulanin da kakanninsu suka zo fiye da shekara ɗari suna ganin ba su da wani gida, kuma hana su takardar hana su ƙasa ne. Birom da Afizere da Anaguta kuma suna ganin an haƙe gonakinsu, an fi su jari da yawa a cikin birni, kuma takardar da sarauta su ne shingen ƙarshe da ya rage musu, musamman da yake su ba za su samu irin wannan haƙƙi a garuruwan da baƙin suka fito ba. Kwamitocin bincike sun zauna a kan wannan, daga na Mai Shari'a Fiberesima a 1994 zuwa na Niki Tobi bayan rikicin 2001 da na Bola Ajibola bayan na 2008, amma ƙullin yana nan.

Dangantakar wannan da mai aiki daga nesa a fili take. Shi kansa ba ya neman aikin gwamnati, don haka a shekarunsa na farko takardar ba ta dame shi ba. Amma mutumin da ke shawarar gina gida yana kallon shekara ashirin masu zuwa ne, kuma yana gani da idonsa yadda jikan wanda ya zo a 1920 yake zuwa wata jiha neman takarda daga ƙauyen da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Ba na jin za a warware batun sarauta da mallakar ƙasa da wuri, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa ƙabilun Filato su kaɗai sauyin da yawancin jihohi ba su yi ba. Abin da ke cikin ikon jiha shi ne ta raba al'amuran gida biyu: asali da sarauta su tsaya inda suke, amma a samar da shaidar mazauni mai ƙarfi ga duk wanda ya zauna wasu shekaru yana biyan haraji, wadda za ta ba 'ya'yansa kuɗin makaranta daidai da na kowa a makarantun jiha da damar shiga shirin lafiyarta. Jihar da ta yi wannan za ta sami abin talla da ya fi sanyin iska.

Fili da haya su ne gwaji na gaba. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna a matsayin amana, kuma sayen fili ba ya kammala sai da amincewarsa, saboda haka tsawon lokacin da takardar mallaka ke ɗauka da yawan hannayen da take bi su ne ke nuna wa mutum ko ana son zamansa. Ɗan Najeriyar da ke waje ya fi kowa sanin labarin filin da aka sayar wa mutum biyu, ko ginin da aka aiko kuɗinsa shekara da shekaru bai wuce linta ba. A ɗaya gefen kuma darasin Lisbon yana jiran Jos. Haya a nan ta shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali da ta lauya, kuma da zarar masu gidaje sun gane akwai masu albashin dala a gari, malamin jami'a da ma'aikaciyar jinya ne za su fara karɓar takardar ƙarin kuɗi. A garin da ke da tsohon miki tsakanin ɗan gari da baƙo, ƙorafin haya ba zai tsaya a matsayin ƙorafin haya ba. Buɗe sababbin unguwanni masu titi da ruwa da takardun fili tsabtatattu kafin a fara gayyata ya fi a gayyata sannan a nemi inda za a sa mutane.

Sauran buƙatun sanannu ne. Asibitin koyarwa na jami'a da ke Lamingo da asibitocin mishan sun sa Jos ta fi garuruwa da yawa, ko da yake likitocinta ma suna cikin masu ficewa waje. Filin jirgin saman Yakubu Gowon da ke Heipang na zirga-zirgar cikin gida ne, saboda haka duk wanda kamfaninsa ya kira taro a Turai, ko yake buƙatar ofishin jakadanci, sai ya bi ta Abuja, tafiyar kimanin awa huɗu a mota ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi, hanyar da mutane ba sa son bi da dare.

Wannan ya kai mu ga ainihin abokiyar gasar Jos, wadda ba Lisbon ba ce, Abuja ce. Abuja ta fi zafi, ta fi tsada, kuma ma'aikacin da ya zauna a Lugbe ko Kubwa ko Gwarimpa ba ya samun kayan lambun Farin Gada. Amma tana da filin jirgin ƙasa da ƙasa da ofisoshin jakadanci, kuma ko da yake Gbagyi da sauran 'yan asalinta suna da nasu koken na gaskiya kan filayen da aka karɓe, baƙon da ya je neman haya ba a cika zaɓa masa unguwa bisa sunansa ba. Matashin Jos da ya fara karɓar albashin dala yakan yi wannan lissafi a shekararsa ta farko ko ta biyu, galibi daidai lokacin da zancen aure ya taso, kuma idan ya tafi harajinsa yana komawa asusun Babban Birnin Tarayya. Hukumar tattara haraji ta Filato tana da hanyar sanin inda lissafin ke faɗuwa ba tare da ta jira wani bincike daga waje ba: ta duba cikin waɗanda suka yi rajista da kuɗin shiga daga ƙetare, nawa ne suka sake bayyana a rajistar shekara ta uku, nawa kuma daga cikinsu suka nemi takardar fili.